Kujerun Aro a Tudun Wada

Ko ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta ranar da muka je duba ɗakin Malam Ɗahiru mai facin taya a unguwar Tudun Wada. Lokacin ina masinja a ofishin rabon gidajen haya masu rahusa a Gusau. Bokona bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a bisa iccen mangwaro na yi shi.

Ƙa'idar aikin ita ce, kafin a ba mutum gida sai jami'in bincike ya je ya ga zamansa, a tabbatar mai ƙaramin ƙarfi ne. Ni ake turawa gaba in yi sallama.

Ɗahiru ɗan garin Rawayya ne, shi da iyalinsa a ɗaki guda, ga mai gidan ya ce ya tashi kafin kaka. Na ce masa manyan baƙi na tafe. To, wa ke tarbar baƙo a kan tabarmar kaba? Maƙwabta suka aro masa kujerun kushin, da darduma, har da firij da ba ya aiki. Aka yanka zakara.

Oga, jami'in binciken, ya cinye cinya, ya suɗe hannu. Muna fita ya ce, "Baba Iro, wannan ai ya fi ƙarfin gidanmu."

"Ranka ya daɗe, kayan aro ne!"

"Abin da ido ya gani muke aiki da shi."

Na yi ta magiya har aka sake tura wata Hajiya. Wannan karon Ɗahiru ya kwashe komai, har tabarmar. Hajiya ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Wayyo! Wannan bawan Allah da me zai biya haya?"

Ɗahiru ya tare ni a bakin ofis kamar zai yi kuka. "Baba, na yi arziki an hana ni, na talauce an hana ni. Mi suke so in zama?"

Wallahi ni ma ban sani ba. Na ce mu gwada tsakiya: kujera guda, rediyo, ruwan randa, ban da zakara. A zuwa na uku aka ba shi gida.

Ku yaran yanzu, ku riƙe wannan: a aikinmu talauci ma gishiri ne, sai an sa shi daidai. Amma wanda ya san ma'aunin, har na yi ritaya ban gan shi ba.