Ranar da Na Ce Ban Gane Ba

Tun kafin maigidana ya karɓo takardarsa daga kwalejin malamai ta Gidan Waya nake ɗauke da tsoro guda, kada ya tafi ya bar mu. Yayansa yana aikin gini a wajen Abuja, kuma duk wayar da zai bugo sai ya ce, "Ka taho kawai, akwai aiki. Takardar ka sa ta a akwati." A layinmu nan Kafanchan na san mata uku da mazansu suka tafi haka. Sai Kirsimeti ake ganinsu, in sun shigo yaransu su ɓuya bayan zanin uwa. Lokacin 'yata tana wata bakwai. Maigidan kuma ya riga ya yi wa yayansa alkawari, in aka cire citta bai samu aikin koyarwa ba, zai bi shi.

Ana tsakiyar damina wata makarantar kuɗi ta firamare ta kira shi intabiyu. Aka ce za a yi masa tambayoyi, sannan a ba shi aji ya koyar na minti goma sha biyar, masu makarantar kuma su zauna a baya suna kallo. Kwana tara ya rage.

Ni a aji huɗu na bar makaranta. Abin da na ga zan iya shi ne wanke farar rigarsa, da guga, da naɗe fayil ɗinsa a leda biyu saboda ruwa. Na kuma kai maganar gaban zumuntar mata a coci aka yi addu'a. Daga nan sai na ɗauka nawa ya ƙare.

Kullum in ya dawo gona da la'asar sai ya yi wanka, ya ɗauki alli, ya tsaya gaban ƙofar kicin, ita ce allonsa. Ni ina gefe ina tsince acca, yarinya a baya. Kwana uku ina kallonsa. Na lura ƙofar yake yi wa magana, ƙeyarsa kawai tsakar gida ke gani. Turanci yana zuba kamar ruwan indararo. In ya ɗan yi nisa sai ya ce, "Kun gane?" Sai ya maƙale murya ya ba kansa amsa, "Yes sa!"

Rana ta uku dariya ta ƙwace mini.

"Maman bebi, mene ne abin dariya?"

"Ɗalibanka ne, Baban bebi. Kai, akwai ƙwaƙwalwa! Ko sau ɗaya ba su faɗi ba."

"To tashi ki zo ki zauna, tunda kin iya."

Na jawo kujerar tsuguno na zauna gabansa. Ya rubuta ɗaya bisa uku, ya rubuta ɗaya bisa huɗu, ya yi ta bayani. Da ya juyo ya ce, "Kin gane?" wallahi saura kaɗan bakina ya ce yes sa da kansa. Haka na yi shekara huɗu a makaranta. Muryata ta fi ta kowa ƙarfi wajen amsawa, alhali ko abu ɗaya bai shiga ba, don wanda ya yi shiru shi ake nunawa da sanda. Amma na tuna in na yi masa ƙarya yau, ƙaryar zai ɗauka ya kai gaban mutanen nan.

Na ce, "Ban gane ba."

Ya maimaita, da ƙarfi wannan karon.

"Har yanzu ban gane ba."

"Haba! Wanne ya fi girma a cikinsu? Abu mai sauƙi!"

"Mai huɗun mana. Huɗu ai ta fi uku."

Ya jefar da allin ya shige ɗaki. Ranar tuwo ma rabi ya ci. Na zauna ina zargin kaina, ga shi na karya wa mutum gwiwa saura kwana shida, ni da ko sunana da ƙyar nake rubutawa a miƙe.

Washegari sai ga shi ya dawo da rake sanda biyu, tsayinsu ɗaya. Ya ce, "Ɗaliba, zauna." Ya ba ni adda ya ce in raba ɗaya wa mutum uku, ɗayan wa mutum huɗu. Na sara. Ya ce in ɗauki nawa rabon daga inda na ga dama. Na kai hannu wajen na mutum uku.

"Don me?"

"Ya fi tsawo mana. Ka ɗauka ni wawuya ce?"

"To shi ne ɗaya bisa uku."

Na tsaya da rake a hannu ina kallon ƙofar kicin. Abin da ya kore ni daga makaranta ke nan? Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Shi kuma ya rikice, yana ta cewa ko addar ce ta yanke ni.

Sauran kwanakin haka muka yi su. Duk inda ya juya mini ƙeya sai in ce, "Malam, ƙofa ba ta biyan kuɗin makaranta, ni ka kalla." In ya ce na gane, sai in ce ya ba ni allin in gwada. Wani lokaci ya ji haushi, wani lokaci mu yi ta dariya har yarinya ta farka.

Ranar intabiyun ya cusa gutsattsarin rake a jaka tare da fayil, ya hau mashin. Na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu, na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Wajen ƙarfe uku ya shigo yana shan raken.

"Ya aka yi? Me ya sa kake shanye kayan aikin?"

"Ba lissafin suka ba ni ba. Karanta agogo suka ce in koyar."

Sai ya zauna ya ba ni labari. Ya ce da ya tambayi yaran ko sun gane, suka amsa yes sa har rufin kwano ya ɗauka. Ya ce a nan muryata ta faɗo masa. Sai ya ciro agogon bango, ya miƙa wa wata yarinya a layin baya ya ce ta nuna ƙarfe uku da rabi. Ta kasa. Ya durƙusa kusa da ita suka juya hannun agogon tare, har ta iya, amma lokacinsa ya ƙare bai kai rabin darasin ba. Shugabar makarantar rubutu kawai ta yi. Shi a ganinsa ya faɗi.

Sati biyu ba mu ji daga makarantar ba. Yayansa ya bugo sau biyu. Ran wata Litinin aka kira shi, aka ce aji uku nasa ne. Albashin ba wani mai yawa ba ne, har yanzu muna noman citta, amma kullum da yamma yana gida, kuma a hannunsa 'yarmu ta fara tafiya. Na gode wa Ubangiji. Na gode wa mutumin da ya yi fushi dare ɗaya kawai, ya je ya sayo rake. Na gode wa matar nan da ban taɓa gani ba, wadda ta ɗauki malamin da bai gama darasinsa ba.

Yanzu na kai ga raba lamba mai biyu, kuma wannan labarin da hannuna na rubuta shi, a hankali, cikin sati uku. Akwai irina da yawa a zumuntarmu, masu goyo, waɗanda mazansu ba malamai ba ne. Ina roƙonku, in cocinku ko makarantarku tana da ɗakin da babu kowa da la'asar, ku buɗe mana shi, ku sa mana mutum ɗaya mai haƙuri, kuma ku bar mu mu zo da yaranmu.