Yadda Muka Zura Baba a Rijiyar Gobe

Ubana maginin rijiya ne, ni kuma mai jan igiyarsa, kuma in faɗa muku gaskiya ban taɓa son aikin nan ba ko na yini ɗaya. Shi yana can ƙasa cikin sanyi yana sara da dagi, mu muna sama cikin rana mun jeru kamar jakuna, muna jawo guga cike da ƙasa har tafin hannu ya saɓule. Ka tsaya share gumi, sai ka ji muryarsa daga cikin rami tana tambaya ko mutuwa muka yi. A haka na girma a ƙauyenmu da ke gefen Wagini, zamanin mulkin Turawa.

Rijiyarsa ta ƙarshe a bakin garinmu ya fara ta. Ta yi zurfi, ƙasa ta soma canza launi, har yana cewa yana jin ƙanshin ruwa, sai wata safiya ƙafarsa ta zame daga matakan da ake sassaƙawa a jikin bangon rijiya, ya faɗa. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙugu ya taɓu. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, Baba ya tashi da sanda. Hannuwansa suna nan yadda suke, in ya gaisa da kai sai yatsunka sun yi ƙara. Ƙafar ce dai ba ta iya sauka rijiya, balle hawowa.

An yi shawarar a zura shi da igiya a hannu, amma Baba ƙato ne, kuma mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a cikin masu riƙo, shi ke nan. Ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan alhaki. A wurin magina kuma ba a shiga rijiyar mutum yana raye sai da izininsa, shi kuwa ya ƙi bayarwa ƙememe. Aka jera itace a bakinta, aka rufe da ƙaya. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a ƙarasa, sai ya ce gobe in Allah ya kai mu. Shekara ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, mata suna ta zuwa rafi suna tonon yashi, har gari ya sa wa ramin suna Rijiyar Gobe. Na yi dambe a kan sunan nan ba sau ɗaya ba, don ni zuciya gare ni, kuma abin yana mini ciwo.

Wani rani na tafi Safana leburanci wurin ma'aikatan rijiya na En'e, wato hukumar sarki. A can na ga abin da ya hana ni rufe baki. Gungumen itace ne a kwance bisa ƙafafu a kan bakin rijiya, da hannun ƙarfe a kowane gefe, igiya tana naɗuwa a jikinsa. Leburori suna ce masa keken rijiya. Mutum biyu ne kawai ke murɗa shi, suna murɗawa suna hirar budurwa, guga na fitowa da ƙasar da mu can sai mun taru mun yi nishi. Da aka tashi daga aiki kuma sai na ga an murɗo maginin kansa, yana zaune a kan ɗan katako yana sosa kunne. Kai, na ji haushi. Na dubi tafin hannuna na tuna shekarun da na yi ina jan igiya, na ce ashe wahalar banza na sha. Sai daga baya, ina cin abinci, tunanin Baba ya faɗo mini, na ajiye kwanon ban ƙarasa ba.

Ina dawowa gida na tarar da magana ta lalace. Itacen bakin rijiyar ya ruɓe, maraƙin wani Bafillatani ya taka, saura kaɗan ya tafi. Mai gari ya yanke hukunci cewa kafin ruwan farko ya sauka, ko dai a ga ruwa a rijiyar, ko a tara gayya a cike ta. Na iske Baba a zaure bai ko taɓa furarsa ba. Na ba shi labarin keken, ina yi ina kwatantawa da hannu, ina murɗa iska. Ya dube ni ya ce in zauna, na cika masa ido. Can sai ya tambaya ko wannan abin zai ɗauki mutum mai nauyinsa. Na rantse masa zai ɗauki raƙumi, alhali ban sani ba.

Ranar kasuwar Batsari na nufi rumfar wani maƙeri, abokin Baba tun suna yara, tsoho mai taurin kai da taurin kunne. Na zana masa keken a ƙasa da tsinke. Na gaya masa a gefe ɗaya akwai wani gargare mai haƙora, da ɗan ƙarfe kamar harshe da ke faɗawa tsakanin haƙoran yana ƙas-ƙas-ƙas. Ya tambaye ni amfaninsa, na ce ni ma ban lura ba. Ya ce ai ya gane, Turawa ne da son hayaniya, ba sa yin abu sai sun maƙala masa abin ƙara don a san suna aiki. Shi ba zai ɓata gawayinsa a kan kwalliya ba. Na ga maganarsa ta yi ma'ana, na yarda.

Ya ƙera hannuwan da wani tsohon ƙarfen mota, muka sami gungumen ƙirya, aka tufka sabuwar igiya mai kauri. Jaki ya kai mana kayan gida. Ranar da muka kafa keken kusan duk gari ya fito. Wanda zai riƙe ɗaya hannun taubashina ne, ɗan gwaggona, wani lukuti mai sayar da gishiri wanda bai taɓa barin in yi kuskure ba tare da ya kai labarin kasuwa ba. Muka ɗaura buhun yashi don gwaji, muka zura, muka soma murɗowa. Wallahi kamar wasa. Daɗi ya kama ni har na saki hannu ɗaya ina ɗaga wa mutane, shi kuma lukutin ya saki duka biyun don ya gyara wandonsa.

Ban san lokacin da hannun ƙarfen ya ƙwace ba. Ya juya da baya kamar mahaukaci, ya daki haɓata, ya ɗauke hulata ya jefa cikin rijiya, buhu ya bi ta tim. Na farka a zaune a ƙasa ina ganin taurari da rana tsaka. Taubashina yana birgima don dariya, yara suna tsalle, tsofaffi suna salati suna ƙunshe baki. Na juya na ga Inna, mahaifiyata, a bakin danga. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce da ni a gaban kowa, in buhun nan mijinta ne fa?

Washegari da kumburarriyar haɓa na taka har Batsari, ina tafe ina shirya zagin da zan yi. Maƙerin ya ga fuskata, ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ce to yanzu mun san amfanin abin ƙarar. Da na yi tunani sai na ga haka ne. Harshen nan shi ke riƙe gungumen kada ya koma baya, ko da mai murɗawa ya saki hannu. Tsohon ya zauna ya fere haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana cewa shi tun farko ya so ya sa, ni ne na hana. Na dafe haɓata, don baki ba ya buɗuwa.

Wannan karon Baba ne ya karɓi ragamar gwaji, yana zaune a kan turmi yana nuni da sanda. Tsohuwar rijiya takan tara muguwar iska mai kashe mutum, saboda haka ya sa muka ɗaura rassan ganye muna zurawa muna fitarwa har iskar ta motsa. Aka zura fitila ta dawo da wutarta. Aka zura kaza a kwando ta dawo tana masifa. Har yau akwai masu cewa ta yi ƙwai a hanya, ƙarya ne, ina wurin. Sai Baba ya waiga yana neman wanda ya fi kowa nauyi, idon jama'a gaba ɗaya ya sauka a kan taubashina.

Allah mai sakayya! Ya ce cikinsa na ciwo, ya ce bai yi sallama da iyalinsa ba, ba wanda ya saurare shi. Muka ɗauko kujerar Inna ta tsakar gida ba da saninta ba, muka ɗaure ta da igiya ta kusurwa huɗu, muka ɗora shi. Yana sauka yana karanto duk addu'ar da ya sani da wadda bai sani ba. Da ya kai tsakiya na mayar da harshen cikin haƙoran, ni da wanda ya karɓi ɗaya hannun muka saki da gangan, harshen ya riƙe gam, muka bar shi yana lilo ina tambayarsa ko har yanzu haɓata tana ba shi dariya. Ya roƙe ni da girman gwaggo. Da muka fito da shi, hulata a hannunsa, sai ga shi yana washe baki yana cewa a sake.

Daga nan gari ya haukace. Kowa sai ya hau. Magidanta masu furfura suna rigimar wa ya riga wa, wanzami ya bar mutum da rabin aski ya zo, wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da mu ta ce ita ma ba za ta mutu ba ta ga cikin rijiya ba. Ni kuwa ina ta murɗawa ina dariya kamar wanda aka yi wa bushara. Baba ya bari har aka zura mutum kaɗan, sannan ya buga sanda a ƙasa ya ce rijiyarsa ba lilon yara ba ce.

Inna ta ce ita ba ta yarda ba. Ta ce ranar da ya faɗa an kawo mata shi kwance a kan ƙyaure, ba za ta tsaya ta ga na biyu ba, ta shige ɗaki. Baba ya yi alwala, ya ɗaura walki, ya karɓi gajeren daginsa da ya daɗe a rataye. Muka ɗora shi a kujerar. Duk dariyar nan ta ɗauke mini a lokaci ɗaya, tsoro ya kama ni. Ya dube ni ya ce, "Mi kake jira? Murɗa."

Na ɗaga harshen, muka riƙe hannuwan da ƙarfinmu, muka soma sakin igiya kaɗan-kaɗan. Kansa ya nutse, rijiya ta haɗiye shi. Ba wanda ya yi tari. Can igiya ta yi sako-sako, na leƙa ban ga komai ba sai duhu. Sannan muka ji dagi ya sari ƙasa, tsit, ya sake sara. Sai muryar nan da na tsana tun ina yaro ta taso daga ƙasa tana tambaya ina guga, ko mutuwa muka yi. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Kwanakin da suka biyo baya da safe mu zura shi, da azahar mu fito da shi, bayan la'asar ya koma. A zaune yake gini, hannuwan nan suna aikin da suka saba. Ni da taubashina kawai muke fitar da ƙasar da a da sai an yi gayya. Hadari ya soma haɗuwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa, mai gari yana zuwa yana duba sama yana duba mu. Ƙasar da ke fitowa ta yi sanyi, ta koma laka mai manne wa guga. Inna dai ba ta taka wurin ba, sai dai na lura duk wanda ya dawo daga bakin rijiya sai ta tambaye shi launin ƙasar yau.

Wani hantsi sara ya tsaya. Na jira ya kira guga bai kira ba. Na kira shi, shiru. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Can ƙasa na ga wani abu yana ƙyalli yana motsi, ɗan sararin sama ne da kaina a ciki. Baba yana zaune a tsakiyarsa, ruwa ya kai masa cinya, yana ɗiba da tafi yana zubawa a kansa. Yana dariya ne ko kuka, daga nisan nan ba a bambancewa.

Na yi ihu, gari ya ɗauka. Mata suna guɗa, taubashina ya rungume ni har ya kusa jefa mu ciki mu biyu, mai gari yana ta cewa ai shi ya san za a samu. Na kama hannun keken na ce Baba ya hau kujera mu fito da shi, mutane na son su gan shi.

"Bar ni tukuna," ya ce.

Muka jira. Rana ta take, muka sake kira, ya ce a bar shi tukuna. Sai ga Inna ta ratso taron da kwanon tuwo a hannu, mutane suna ba ta hanya. Ta tsaya nesa da baki kaɗan, ta ƙi leƙawa, idonta ya yi ja.

"Malam, fito haka nan. Tuwo zai huce."

Muryarsa ta taso a hankali, ta dishe.

"Na daɗe ban zauna cikin ruwan rijiya ba. Aiko mini shi."

Inna ta tsaya kamar za ta yi faɗa, sai ta sa gefen zane ta share fuska, ta durƙusa ta daidaita kwanon a cikin guga da hannunta, ta ce da ni in yi a hankali kada miya ta zube. Hawaye ya hana ni ganin igiyar, amma ni na murɗa masa shi har ƙasa.