Koma, Sauka

A shagon buga sitika da ke ƙarƙashin bene, ba mai kiran ta da sunanta. Anti Tafireta ake ce mata, don da keken rubutu ta fara aiki tun tana budurwa, kuma har yau in ta kai ƙarshen layi a kwamfuta sai hannunta na hagu ya ɗan motsa, yana neman ƙarfen da ake turawa.

Teburinta na can ƙurya, tsakanin injin bugawa da bango mai tsattsafo. Taga ɗaya ce a shagon, can sama daidai da titi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun mutane. Mijinta ya rasu tana wannan kujerar. 'Ya'yanta sun girma sun watse tana wannan kujerar.

Kullum da safe wani kamfanin kai kaya yakan turo fayil cike da adireshi, kowane layi sitika ɗaya. Sai dai kwamfutocin kamfanin wata ƙabila ce, tsohon injin shagon kuma wata ƙabila. Su can, in layi ya ƙare, alama ɗaya suke sawa wadda ido ba ya gani: sauka. Shi kuwa injin ɗan gadon tafireta ne, sai an ce masa biyu: koma farko, sannan sauka. In bai ji duka biyun ba, sai ya ɗauki adireshi dubu a matsayin layi ɗaya, ya yi ta amayo su a haɗe har takarda ta ƙare.

Gyaran bai kai shan ruwa ba. A ƙasan allon manhajar rubutu akwai haruffa biyu, LF, wato sauka. A danna su, a zaɓi CRLF, wato koma da sauka, a adana. Ta nuna wa kowa a shagon har bakinta ya gaji. Amma wata rana da ta je cire haƙori, Manaja ya gwada da kansa, ya manta bai adana ba, injin ya cinye naɗin takarda guda. Tun daga ranar aka yanke hukunci cewa abin a hannun Anti yake.

Yau jakarta na ƙarƙashin tebur, a ɗaure. Autarta na asibiti a wani gari, cikin fari, naƙuda ta fara tun safe. Sau biyu surukinta yana kira.

"Ranka ya daɗe, hutun mako ɗaya kawai," ta ce wa Manaja. "Yarinyar nan ba ta da kowa a can sai miji, shi ma rawar jiki yake."

"Anti, ni ma uba ne. Amma wa zai yi wa dodon nan magana?" Ya nuna injin da haɓa.

Mai Almakashi, tsohon da ke yanka sitika, ya ɗago kai. "Ai ba a raba mata da miji, Manaja. Injin nan in bai ji turarenta ba, yajin aiki yake."

"Kai dai yi ta yanka, tsohon banza, kar ka haɗa da yatsa." Ta miƙe, ta juya kujerarta. "Zauna, ranka ya daɗe. Don girman Allah zauna."

Manaja ya zauna a bakin kujerar kamar mai jiran allura.

"Ka ga haruffan nan biyu? Danna."

"Ni fa abin da ido ba ya gani ba na wasa da shi."

"Iska ma ba ka ganin ta, kana shaƙa. Danna. Yawwa. Zaɓi na ƙasan. Yanzu adana, nan ne ka yi tuntuɓe wancan karon."

Ya adana, ya tura wa injin. Injin ya yi tari, ya fara: sitika ɗaya, adireshi ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace tsaf a gidanta. Mai Almakashi ya tafa da almakashinsa. Anti ta sunkuya ta kama hannun jakarta.

Manaja ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya girgiza kai.

"Don kina tsaye ne."

"Me?"

"Kina tsaye a kaina, shi ya sa ya yi. Gobe in ya birkice ba kya nan, kamfanin nan ya janye aikinsa, mu duka sai titi." Ya tashi yana kaɗe wando. "Ba na tsare ki, Anti. Ƙofa a buɗe take. Sai dai in kin fita, dole in nemo wanda zai zauna, kuma kujerar ɗaya ce."

Ta dubi matakalar da ke hawa zuwa ƙofar. Ta dubi hannayenta, yatsun da suka fara kumburi a gaɓoɓi. Wa zai ɗauki mai irin waɗannan yatsun aiki? Mai Almakashi ya sunkuyar da kai, ya yi ta yankan abin da ya riga ya yanka.

Wayarta ta yi ƙara. Surukin ne, dariya da kuka a haɗe. "Mama, ta sauka! Mace ce!" A bayansa wani siririn kuka na tashi, sabo fil. Aka yi ƙus-ƙus, sai ga muryar Auta, can ƙasa, a gajiye.

"Mama, kin taso?"

Anti ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, don injin ya cika shagon da ƙara.

"Sannu, 'yar nan. Sannu, uwata. Kara mini wayar a bakin jaririyar in ƙara ji."

Ta saurara har kukan ya lafa. Ba ta san lokacin da ta zauna ba. Da ƙafa ta tura jakar ta koma ƙarƙashin tebur. A taga ƙafafu na ta wucewa, wasu da sauri.