Jan Ƙyallen Baba Sannu-Sannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran bakaniken da duk layin gareji ke kira Baba Sannu-Sannu. An ce ya wanke hannuwansa da kananzir, ya zauna a kan benci yana cewa kansa na juyawa, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Ina cikin aji ina koyarwa aka bugo mini waya. A ranar, Baba, motata tana hannunka, cikinta a buɗe.

Motar ta maigidana ce, Allah Ya jiƙansa. Ya saye ta tun babbar 'yarmu tana goye, ga shi yanzu ita ma da nata goyon. Da ya rasu yara suka ce a sayar da ita a huta, na ce ba da raina ba. Daga nan na faɗa hannun makanikai. Mace da tsohuwar mota, ai su a wurinsu tsuntsu ne daga sama gasasshe. Wannan ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya, wancan ya wanke tsohon fulogi da fetur ya mayar, ya rantse mini sabo ne. Na kusa sallamawa sai direban makarantarmu ya kwatanta mini rumfarka, ya ce in je da haƙurina a jaka, don zan buƙace shi.

Ranar farko ko bonet ba ka buɗe ba. Ka shiga ka zauna a gefena, ka ce in ja mu zaga, ka karkata kai kana sauraro kamar mai jiran kiran salla daga nesa. Da muka dawo ka ce, "Malama, Tsohuwa ba ta mutu ba, gajiya ce." Tun daga ranar sunan ya bi ta. Ka ce birki yau za a yi shi, don rai ba abin wasa ba ne. Lagireto zai jira ƙarshen wata in ina duba ruwa kullum. Ƙarar salansa, wato bututun hayaƙi, kuwa maƙwabta ne za su yi haƙuri. Haka ka riƙa raba mini manyan gyare-gyare daidai ƙarfin albashin malamar makaranta, shekara da shekaru, ban taɓa fita daga rumfarka ina jin an cuce ni ba.

Amma fa ka iya cinye wa mutum rana! Kafin ka kwance noti ɗaya sai ka share ƙasa, ka shimfiɗa tsohuwar tabarma. Duk abin da ka ciro sai ka goge shi, ka jera shi daga dama zuwa hagu, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, kowane noti a gaban ƙarfensa. Ni kuwa Allah bai hore mini haƙuri ba. Na sha tsayawa a kanka ina faɗa, ina cewa gyara na kawo, ba baje koli ba. Sai ka yi murmushi ka ce, "Ni na buɗe, Malama, amma ban san wanda zai rufe ba." Na ɗauke ta maganar tsofaffi kawai.

Akwai abin da ya shiga tsakanina da kai wanda ko yarana ba su sani ba. Ƙofar direba tana da wata ƙara in an buɗe ta, doguwa, mai tsami. Wata rana na hango ka ka nufe ta da gwangwanin giris, na daka maka tsawar da har yau nake jin kunyarta. Ka tsaya kana kallona. Dole na gaya maka cewa da wannan ƙarar nake sanin maigida ya dawo, ina can cikin kicin, in ji yara sun kwasa da gudu suna "Ga Abba!" Ba ka yi mini kallon mai taɓin hankali ba. Ka ajiye gwangwanin, ka yago jan ƙyalle ka ɗaure a jikin ƙofar daga ciki. Ashe alamarka ce: duk inda ka ɗaura ja, kada a taɓa. In ya koɗe sai ka sake sabo ba tare da na tambaya ba.

Maƙwabcin rumfarka, Dogo, shi ne abokin tsiyarka. Kullum kuna faɗa a kan inuwar bishiyar da ke tsakaninku da sifanar da ya ara bai mayar ba. Yana ce maka hawainiya, kana ce masa gobara. Duk da haka ka taɓa ce mini, "In kin zo ba na nan, ki ba Dogo. Bakinsa ne ba shi da birki, hannunsa mai tsabta ne." Na ce Allah Ya kiyaye, mutumin da ke gyara yana waƙa.

Gyaran ƙarshe na giya ne. Ko'ina na tambaya cewa ake sai an sayi wata sukutum, abin da ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Kai ka ce za ka buɗe ta ka canza haƙoran da suka cinye kawai. Ka buɗe, ajali ya riske ka.

Bayan an share makoki na je garejin. Ɗana ya riga ya ce, "Umma, ki haƙura haka, a kira 'yan gwangwan." Bakaniken da ya kawo ma ko kusa da rumfar bai je ba, ya ce ba ya rufe abin da wani ya buɗe. Ina tsaye a nan Dogo ya zo, idanunsa jajur, ya yaye buhun da ka rufe tabarmar da shi. Ga komai a jere, a goge, kamar yanzu ka tashi ka tafi alwala. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ko makaho zai rufe wannan." Ya durƙusa ya fara daga hagu. Ban taɓa ganin Dogo yana aiki a hankali ba sai ranar, kuma ban ji waƙa a bakinsa ba.

Da ya gama ya aiko na zo. Tsohuwa ta tashi da murza ɗaya. Yana miƙo mini makulli ya ce, "Malama, na sa wa sauran ƙofofin giris. Ta direba na ga jan ƙyallensa. Ban san dalili ba, amma ban taɓa ba." Na kama ƙofar na buɗe, ta yi ƙararta, ni ma na yi kukana a gaban jama'a ban damu ba. Da mutum ɗaya take tuna mini, yanzu kun zama biyu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka, da Dogo da ya rasa abokin faɗa, da duk masu tsofaffin motocin da ka rufa wa asiri. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kai kuwa Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ba ka bar wa na bayanka aiki a hargitse ba, Allah Ya sa ka tarar da naka a jere, Ya haɗa ka da maigidana a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.