Wai Wutar Sola Ba Ta Ja

Jiya na tarar da kawuna a gonarsa ta Dusuman, tsaye cikin ruwa ba takalmi, zai ɗaure wayar famfon sola da leda. Ɓera ya cinye robar, ƙarfen a fili, rana kuma ta take.

Na ce, "Kawu, don Allah ku fito a kashe tukuna."

Ya yi dariya. "Ku 'yan cikin gari kun cika tsoro. Wannan ai ba wutar gwamnati ba ce, ta rana ce. Ba ta ja."

Na ce, "Kawu, wutar da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ta shayar da albasar nan duka, ita ce za ta kasa jan mutum?"

Ya dubi bakin famfon, ya dubi ƙafafunsa. Sai ya fito a hankali, ya kashe da kansa. Muka kira mai gyara.

Kawu ba mai ganganci ba ne, haka ya ji ana faɗa. Ko manomi nawa ne ke tsaye cikin ruwa yanzu da wannan maganar a bakinsa?

Ku ma ana faɗin haka a wajenku?