Yatsun Kawu Kafinta

Kawuna kafinta ne, kuma a taurin kai ba shi da na biyu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, ko'ina garin katako, fensir kullum a maƙale a bayan kunne. In zarto ya yanke shi, sai ya goge jinin a wando ya ci gaba da aiki.

Da tari ya ƙi barinsa, ni na raka shi asibiti, yana mita duk hanya. Likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce akwai wani furotin a jiki da ke kai wa ƙwayoyin halitta saƙo su hayayyafa, shi ke sa rauni ya rufe, fata ta sabunta. Amma a huhun Kawu wasu ƙwayoyin sun karɓi saƙon sun ƙi tsayawa. Ciwon daji ne.

"Wato leburori ne da ba su san lokacin tashi ba," in ji Kawu. Ni dai na kasa dariya.

Aka ɗora shi kan maganin da ke toshe saƙon. Tari ya lafa, numfashi ya dawo. Sai dai fata ma ta daina samun saƙon. Yatsunsa suka tsattsage, gefen farce ya yi ruwa, ko ƙusa ba ya iya ɗauka. Sai ya wuni zaune, hannuwa a cinya, yana kallon katakon da ya yanka don gadon jariri, domin 'yarsa na da tsohon ciki.

Na ce, "Kawu, a ba wani ya haɗa mana."

"Jikana na fari ya kwanta a gadon wani? Ina raye?"

Wata rana Inna, matarsa, ta kira ni muryarta cike da murna. "Zo ka ga ikon Allah, hannun kawunka ya warke sumul."

Tun daga bakin titi na jiyo guduma, na shige shagonsa kai tsaye.

"Kawu, yaushe ka daina shan maganin?"

Bai ɗago ba. "Riƙe min nan," ya ce.

Da gadon ya kammala ya koma kan maganin, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Jikan na cikin zanen goyo muka binne Kawu. Har yau ina jin haushinsa, kuma kewarsa ta fi haushin yawa.

Inna ba ta san abin da ya yi ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce masa, "Ya fara samun sauƙi fa. Da kun ga hannunsa."