Mai Korar Tsuntsaye Bai Sa Hannu Ba

Shekara goma sha tara Dogo ya yi yana korar tsuntsaye daga titin jirgi, kuma bai taɓa jin kunyar aikin ba. In aka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Matuƙi ba ya tashi sai na share masa hanya." A yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Allah Ya jiƙanka, Dogo, ai gaskiya kake faɗa.

Kayan aikinsa ba yawa: tsohuwar mota mai ƙofar da ba ta rufuwa sai da igiya, bindiga mai ƙara da ba ta kashe komai, da oba-oba ta magana da masu ba jirgi izini. Ya san tsuntsayen filin kamar yaran layinsu. Hankaka ɗan rainin hankali ne, in ji shi, amma yana da wayo. Balbela ce abin tsoro. "Ku gan ta da fararen kaya kamar ta Allah, ba ta san ta kauce ba."

Doka ɗaya yake da ita: ciyawar gefen titin jirgi ba a aske ta ƙasa. In ta haura idon sawu, tsuntsu ba ya son sauka, don ba ya hango abin da ke zuwa. In kuwa aka aske ta, fara da ƙwari sun fito fili, an kira balbelu cin abinci ke nan.

Sai aka kawo sabon manaja. Ya leƙo ta tagar ofis ya ce filin ya zama kamar kango, ga manyan baƙi na tafe.

"Yallaɓai, a bar ciyawar nan," in ji Dogo.

"Kai da tsuntsu aka ɗauke ka, ko da ciyawa?"

"Ai abu ɗaya ne, Yallaɓai."

Washegari da safe tarakta ta shiga. Kafin hantsi gefen titin ya yi fari fat da balbelu. Dogo ya kora nan, su sauka can. Ya kira a oba-oba ya ce a dakata, aka ce jirgi ya riga ya makara. Yana kallo jirgin ya taso da gudu, ya ɗaga, garken ya tashi a gabansa. Injin ya yi wata irin shaƙa. Jirgin ya karkata, ya faɗa kan garejin makanikai da ke bayan shinge.

Dogo bai san yadda ya haura wayar shingen ba. Mutum uku ya jawo daga cikin hayaƙin, biyu suka rayu. Mutum arba'in suka rasu a haɗarin. Hannayensa duka suka ƙone.

Kwana shida bayan haka manaja ya kira shi, ya tura masa takarda. An rubuta cewa ya makara wajen zagayen safe.

"Sa hannu kawai. A mayar da kai sito, magana ta mutu."

Dogo ya ɗaga hannayensa naɗe da bandeji. "Kana ganinsu dai, Yallaɓai. To ko lafiyarsu ƙalau, ba za su sa ba."

Aka dakatar da shi. Magana ta riga shi isa unguwa, wai barci yake yi a mota lokacin da jirgin ya tashi. Autarsa ta daina zuwa makaranta, saboda ana nuna ta da baki. Wannan ne ya karya masa zuciya, har ya ce wa matarsa ko dai ya sa hannun a huta.

Ta ajiye tsintsiya. "Baban Auta, in ka sa, ka wuce siton da kayanka. Ni ban auri wanda ya kashe mutum arba'in ba."

"To, ranki ya daɗe, na ji."

Da masu bincike suka zo, shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta ce ya yi bayani dalla-dalla. Dogo ya dubi tulin takardun da ke kan tebur, ya dubi manaja.

"Hajiya, ni ban iya dogon turanci ba. A ba ni tarakta da rabin awa."

Manaja ya ce wasan yara ne. Ita kuwa ta ɗauki jakarta.

Suka je can ƙarshen filin, inda jirgi ba ya bi. Sama wasai, ko tsuntsu ɗaya babu. Direba ya aske layi guda, ya juyo. Dogo yana tsaye yana duban sama. Sai ga ɗaya. Sai biyar. Kafin tarakta ta gama layi na uku, balbelu sun rufe bayanta.

"Ga shaiduna nan, Hajiya. Ki tambaye su wa ya gayyace su."

Rahoton ya ɗauki shekara ɗaya da rabi. Lokacin da ya fito, Dogo yana gadon asibiti, hayaƙin ranar nan ya gama da ƙirjinsa. Auta ta zauna a gefensa tana karantawa tana fassara masa. An rubuta cewa aske ciyawa ne ya tara tsuntsayen, kuma ma'aikacin da ke bakin aiki ya yi gargaɗi sau biyu.

"Wane ma'aikacin?"

"Kai mana, Baba."

"Sake karanta wurin. Ɗaga murya, na gadon can bai ji ba."

Ta sake. Ya lumshe ido.

"Gobe ki tafi da shi makaranta," ya ce. "Kada ki naɗe shi. Ki riƙe shi a buɗe."

Ta tafi da shi. Bayan kwana tara muka kai Dogo makwancinsa.